Damtse na Goma Sha Huɗu

Zuri'ar Tarbell suna da yawa yanzu, kuma in ka tambaye su za su ce kakansu Likita Orrin Tarbell jarumi ne, wai ya taɓa yanke ƙafar mutum a kan teburin cin abinci alhali mai ƙafar yana rera waƙar coci. Wannan gaskiya ne. Abin da ba sa son faɗa shi ne yadda ya nemi aure, don labarin ba ya ƙara wa kowa girma sai matar da ya aura, Almira Stowell.

A hunturun shekarar 1843 Almira tana da shekara ashirin da shida. Ita ce babba a cikin 'ya'ya tara na Eliakim Stowell, manomi kuma dattijon coci a ƙauyen Wendham, cikin duwatsun Vermont. Ƙannenta takwas duk ta hannunta suka bi, ita ke tatsar shanu, ita ke kaɗa man shanu, kuma matan coci sun riga sun fara kiranta baiwar Allah da irin muryar da ake yi wa wadda aure ya wuce.

A wannan hunturun ne agana ta ɓulla a garin da ke bayan dutse, Likita Tarbell ya tashi yi wa ƙauye lamba. A wancan zamani lamba ba a kwalba take zuwa ba, a jikin mutum take tafiya. Likita zai ɗan karce damtsen mutum da 'yar aska ya shafa iri. Bayan kwana takwas wurin ya yi ƙurji ya nuna, sai a ɗebi ruwansa a sa wa na gaba. In ranar ta wuce ba a sami sabon damtse ba, iri ya mutu ke nan, sai an aika birnin Boston a samo sabo, hanyar Boston kuwa ƙanƙara ta rufe ta sai bazara.

Ƙurji ɗaya yana isar mutum ashirin. Duk Wendham an san haka, don a gaban idon kowa ya yi wa 'ya'yan gidan Pettibone su shida da safiya ɗaya, har ya haɗa da kawunsu da ya zo aron gatari. Gida-gida ya bi, cikin mako uku ya kusa gamawa da ƙauyen. Gidan Stowell ne na ƙarshe.

Ya shigo da jakarsa ran Litinin, dogo, siriri, kunnuwansa sun yi ja don sanyi. Mama ta jera yara takwas a gaban murhu, kowa ya naɗe hannun riga. Almira ta kawo tasar ruwan zafi ta tsaya a gefensa. Likita ya dubi yaran, ya dubi tasar, ya dubi hannun da ke riƙe da tasar. Daga nan idonsa bai ƙara hawa sama ba.

"Ɗaya," in ji shi.

"Ɗaya me, Likita?" in ji Baba Eliakim.

"Ɗaya za a yi wa yau. Na gaba sai bayan kwana takwas. Haka za mu yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, don iri ya rayu har hanya ta buɗe. Mista Stowell, gidanka ne rumbun irin wannan ƙauye."

Baba ya gyara tsayuwa. Ba a taɓa kiran gidansa rumbun komai ba sai na dankali. Mama kuwa ta dubi Almira, Kaka ta dubi Mama daga kujerarta ta bakin murhu, Almira ta dubi cikin tasa kamar wadda zobenta ya faɗa ciki.

Almira ta daɗe tana son Likita, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Tun ranar da ya ɗaure wa ƙanwarta karaya yana yi mata labarin wani agwagwa mai taurin kai har yarinyar ta manta da kuka. Matsalar mutumin ita ce, in yana bakin aiki magana ba ta yi masa wuya, yakan tsawata wa ƙato ya yi laƙwas. Amma da ya rufe jaka sai bakinsa ya mutu. Kuma a Wendham dalili biyu ne kawai ke kai gwauro gidan da akwai budurwa, ko aiki ko neman aure. Na biyun ya fi ƙarfin Likita Tarbell, shi ya sa ya yanka na farkon ƙanana-ƙanana don ya daɗe.

Mace kuwa ba ta fara magana. Wannan doka ba a rubuta ta a ko'ina ba, shi ya sa ba a san inda za a je a goge ta ba.

Haka aka fara. Duk kwana takwas sai ga dokinsa ya ɓullo ta cikin ƙanƙara. Ya karce damtse, ya ɗaure, ya sha shayi, ya ci burodi da cuku yana kallon bango. Abin da yake ce wa Almira bai wuce uku ba: "Mis Stowell, ruwan zafi," da "Mis Stowell, ƙyalle," da "Na gode, Mis Stowell." Ita kuwa sai ta kwashe waɗannan ta tafi da su garke, tana tatsa tana juya su, ko za ta gano wani abu a yadda ya ja ƙarshen ƙyalle yau.

Da yake kwana takwas ba mako ba ne, ranar zuwansa tana matsawa gaba. Litinin, Talata, Laraba, har zuwa na bakwai ya faɗo ran Lahadi. Lahadi da yamma kuwa ita ce ranar masu neman aure, duk wanda aka gani a ƙofar wani gida a ranar an gama magana. Ƙauye ya zuba ido ta taga. Sai ga Likita a kan doki, ya ɗaga jakarsa sama da hannu ɗaya tun daga bakin coci har ƙofar Stowell, tafiyar mil biyu, don kowa ya shaida aiki ne ya kawo shi. Da ya iso hannun ya sage, sai da aka jira rabin sa'a kafin ya iya riƙe aska.

"Wannan mutumin," in ji Kaka da ya fita, "ko dai waliyyi ne ko dai sakarai. Ni kuwa a shekara tamanin da huɗu ban taɓa ganin waliyyi ba."

Almira ta fara ƙirga damatsa. Da na takwas ya wuce, yara sun ƙare. Aka kawo Zenas mai aikin gona, wanda ya rantse shi ba mai taɓa shi da ƙarfe, sai da Mama ta ce to ba shi ba wainar tuffa har abada, sannan ya naɗe riga. Kaka ta miƙa nata damtsen, Likita ya ce ai ita ta yi agana tun tana yarinya, ga zanzana nan a fuskarta, lamba ba za ta kama ba.

"Ka gwada mana."

"Ba za ta kama ba, Kaka."

"To Allah ya sa kai ma taka ta kama," in ji ta, ta juya masa ƙeya.

Ana cikin haka Allah ya jefo wani ɗan koli, mai sayar da allura da zare da tukwanen kwano, ƙanƙara ta koro shi ya nemi wurin kwana ɗaya. Mama ta ba shi miya mai zafi, ta ƙara masa, sannan cikin hira ta tambaye shi ko an taɓa yi masa lamba. Ya ce a'a. Washegari ya nemi takalmansa sama da ƙasa bai gani ba. Sai da ya yi kwana goma sha ɗaya a gidan, uku yana jiran Likita, takwas yana renon ƙurji, ana ɗura masa wake da nama. Ranar da aka ɗebi ruwan ƙurjinsa aka sa wa Mama, takalman suka bayyana a cikin tukunyar wanki. Ya tafi yana waiwaye, kuma ba a ƙara ganinsa a Wendham ba.

Bayan Mama sai Baba. Ranar da aka yi masa, bayan Likita ya tafi, ya tara gida a teburin cin abinci.

"Saura Almira," in ji shi. "Daga ita rumbu ya ƙare. Ni dattijon coci ne. In aiki ya ƙare, zarya ta ƙare. Ba zan bar gwauro yana shige da fice a gidana yana cin cukuna yana kallon bangona ba."

"Haba Eliakim," in ji Mama, "ka san dai abin da ke kawo shi."

"Na san abin da ya ce yana kawo shi. In akwai wani, yana da baki."

"Matar Pettibone ta kusa haihuwa. In ta haihu ga damtse."

"Sai watan Mayu," in ji Kaka. "Na lissafa tun tuni."

Almira ta tashi ta kwashe kwanuka. Abin dariya ne, ta sani, ita ma ta yi dariyar ɗan koli har da hawaye. Amma yanzu tsoro ne ya kama ta. Zuwa biyu ya rage, ɗaya ya sa mata, ɗaya ya duba. Bayan nan za ta koma ganinsa daga nesa a coci, tana tsufa yana tsufa, kowa a bencinsa.

Don ranarta, Mama ta ɗauki almakashi ta yanke 'yar taga a hannun rigar Almira, daidai inda aska za ta shiga, don kada a ce budurwa ta buɗe damtse gaban namiji. Likita ya leƙa ta tagar. Hannun da ya yanke ƙafa bai girgiza ba, ranar sai da ya yar da aska sau biyu. Da ya gama ya ɗaure, ya buɗe baki, gida ya yi tsit har Zenas ya daina tauna.

"Mis Stowell," in ji shi.

"Na'am, Likita."

"Kada ki sosa."

Ta tafi garke ta kifa kai a jikin saniya ta yi kuka, saniyar tana ta tuƙa abinta.

Ƙurjin ya kama, ya yi kyau, ya nuna a rana ta takwas daidai. Ƙanƙara ta fara narkewa, hanya ta zama taɓo, amma ta Boston ba ta buɗe ba tukuna. Likita ya iso da hantsi, taɓo har gwiwar dokinsa. Ya leƙa ta tagar riga ya ce bai taɓa ganin ƙurji mai tsari irin wannan ba. Ya fito da aska ya wanke. Sannan ya tsaya da ita a hannu yana dube-dube cikin ɗaki, kamar wani damtse zai faɗo daga rufi. Yara takwas, Zenas, Mama, Baba, kowa na da tabonsa.

"To," in ji Baba. "Iri ya zo ƙarshe, Likita. Mun gode da ɗawainiya."

"Haka ne," in ji Likita.

Ya buɗe jaka zai mayar da aska. Almira ta zuba masa ido. Ta ce a ranta, ka yi magana mana, bawan Allah, ko tari ne ka yi. Bai yi ba.

"Kai fa?" in ji Kaka daga bakin murhu.

"Ni me, Kaka?"

"Naka damtsen. Ko na katako ne?"

"Ni ai likita ne."

"Ita aganar ta san haka? Tuɓe mu ga tabon."

Likita ya yi 'yar dariya, ya ga ba wanda ya taya shi. Kunnuwansa suka yi ja, wannan karon ba sanyi ba ne. Ya ce lokaci ya ƙure, akwai mai ciwon haƙori yana jiransa.

"Likita," in ji Baba, da muryar da yake karanta sanarwa a coci, "ka karce mutum goma sha uku a gidan nan, har da baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba. Tuɓe kwat."

Ya tuɓe. Ya naɗe hannun hagu har kafaɗa, fari fat, ba ko ɗigo. Kaka ta ce ɗayan. Ya naɗe na dama, shi ma haka.

"A makarantar likitanci ne," in ji shi, yana magana da takalmansa. "An jera mu za a yi mana. Da malamin ya zo kan na kusa da ni, na ga askar ta nufo ni, sai na faɗi. Da na farfaɗo an ɗauka an yi mini, har an ɗaura mini ƙyalle. Ban gyara musu ba. Jinin kowa ina iya gani, Mista Stowell. Nawa ne ba na iyawa."

Zenas ya tuntsire da dariya, yara suka ɗauka. Almira kuwa ba ta yi dariya ba. Ta tuna cewa a farkon hunturu shi ne ya haye dutse ya shiga gidajen masu agana, gida-gida, mako guda cur, ya dawo ya ce ba komai. Tsoro ya zo mata a makare, ya zo tare da fushi, har ta manta da dokar da ta hana mace fara magana.

"Shekara nawa ke nan?" in ji ta.

"Tara, Mis Stowell."

"Shekara tara kana shiga ɗakin masu agana da damtse haka? Ka haye dutsen can da shi haka? Da ka mutu fa? Wa zai ce mana me ya kashe ka, likita ko wauta?"

"Almira," in ji Mama.

"Bar ni, Mama. Zauna, Likita."

Ya zauna a kan kujerar da yara suka zauna ɗaya bayan ɗaya, gwiwoyinsa sun kusa taɓo haɓarsa. Aka shiga shawarar wa zai yi. Shi ba zai iya yi wa kansa ba. Baba ya ce shi ya iya, ai yana fiɗiye maruƙa, Likita ya yi fari kamar madara. Mama ta ce idonta ba ya gani kusa. Almira ta miƙa hannu ta zare askar daga jaka. Sau goma sha uku ta ga ana yi, sha biyu tana riƙe da tasa, ɗaya a jikinta.

"Ruwan zafi," in ji ta, ba tare da ta dubi kowa ba. Baba da kansa ya ɗauko tasa.

Ta sa bakin aska ta tagar rigarta ta ɗebo ruwan ƙurjinta, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta kama damtsensa da hannun hagu. Idonsa na kan askar.

"Mis Stowell," in ji shi, "tsoro nake ji."

Wata uku da rabi, wannan ce magana ta farko da ya fara yi mata da kansa wadda ba ta aiki ba ce. Fushin ya sauka, tausayi ya hau, ta ji kamar ta rungume kansa a gaban Baba da kowa. Ta daure.

"Na sani. Me kake ce wa yara?"

"Ina ce musu kada su kalli aska."

"Sai me?"

"Su kalle ni, su yi ta magana."

"To kalle ni. Yi ta magana."

Ya ɗago. Idonsa ya bi hannunta, ya wuce kafaɗa, ya wuce wuya, ya iso fuskarta, ya tsaya. Ashe idanunsa ruwan toka ne, ba ta taɓa samun damar sani ba.

"Me zan ce?"

"Ko mene ne. Na agwagwa ma in ka ga dama."

"Ƙurji ɗaya," in ji shi, da sauri, kamar mai gudun kada a kamo shi, "yana isar mutum ashirin. Da na so, da na gama da gidan nan da safiya ɗaya."

"Kai, ashe?" in ji Kaka. Mama ta ce mata shit.

"Kuma ana iya busar da ɓawon ƙurji a ajiye a kwalba, wani lokaci yana kamawa. Ina da uku a aljihun tebur. Ban faɗa wa kowa ba. Kuma ba na son cuku, yana sa mini ciwon ciki, sau goma sha uku na ci don kada a ce in tashi. Kuma ba bango nake kallo ba, akwai tukunyar jan ƙarfe a rataye a wurin, ana ganinki a jikinta in kina bayan teburi. Ta nan na san kina cije leɓe in kina yanka burodi. Duk zuwa ina shirya magana a kan doki, tun daga gida har ƙofar nan, dokin ya haddace ta, da yana da baki da ya faɗa miki tun watan Janairu. Da na shigo sai ta gudu. Ina da gida mai ɗaki huɗu, ɗaya yana yoyo. Ba na iya dafa komai sai ƙwai. Ni matsoraci ne, kin gani da idonki. Amma tun ranar karayar ƙanwarki ban taɓa wucewa ta hanyar nan ban so a ce wani ya yi targaɗe a gidanku ba, Allah ya gafarta mini. Ina son ki, Almira. Ina so in aure ki, in Mista Stowell ya yarda, in ke kin yarda, in ba ki..."

Numfashi ya ƙare masa. Ya runtse ido, ya ɗaure jiki, ya miƙa damtsen.

"Yi yanzu," in ji shi. "Na shirya. Yi da sauri."

Tasar da ke hannun Baba ta karkace, ruwa na zuba a kan takalmansa bai sani ba. Mama ta toshe baki da gefen riga. Almira ta dubi damtsen, inda layi uku ƙanana suke a jere, iri ya shiga, ɗigon jinin har ya fara bushewa. Hawaye ne fal idonta, kuma ba ta saki hannunsa ba.

"Na gama tun kana kan maganar cuku, Orrin," in ji ta. "Buɗe idonka ka ci gaba, ina ji."